Ko wata manhaja na iya leƙen abin da kake bugawa cikin wata? Bayani kan saƙonnin taga a kwamfuta da waya



Yanzu kuɗi da magana duk sun koma cikin waya. Wanda ke Abijan ta waya yake turo kuɗin hatsi. Uwa ta WhatsApp take jin muryar ɗanta. Ɗalibi a kwamfutar siber yake cika takardunsa. Shi ya sa wata tambaya ke yawan tasowa a majalisu: in ina buga lambar sirrina cikin manhajar kuɗi, shin wata manhajar da ke cikin wayar tana iya gani?

Amsar a taƙaice ita ce e, yana yiwuwa, amma ba a kowace na'ura ba, kuma ba haka kawai ba. Abu biyu ne ke yanke hukunci: yadda aka gina na'urar tun farko, da kuma izinin da mai na'urar ya bayar da hannunsa. A kwamfutar Windows ƙofar kusan a buɗe take. A wayoyin da ke aljihunmu a rufe take, sai in mu muka buɗe ta, ko wanda muka miƙa wa wayar. To bari mu bi abin daki-daki.

Mi ake nufi da taga, mi ake nufi da saƙonta?

Kowace na'ura tana da babbar manhaja guda wadda ke tafiyar da ita. A yawancin kwamfutocin biro da siber, Windows ce. A wayoyin Tecno, Itel, Infinix da Samsung, Android ce. A iPhone kuma iOS. Mu kira ta uwar manhaja. Sauran duk, wato WhatsApp, Facebook, manhajar kuɗi da sauran abin da samari ke ce wa aplikasiyo, ƴan haya ne a gidanta.

Kowane ɗan haya yana da filin da yake nuna kansa bisa gilashi. Wannan filin shi ake kira taga. A kwamfuta kana iya buɗe taga uku ko huɗu a jere, wata bisa wata. A waya galibi taga ɗaya ce ke cika gilashin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, manhaja ba ta jin yatsanka kai tsaye. In ka danna maɓalli, uwar manhaja ce ke fara ji. Sai ta duba tagar da ke gaba a wannan lokacin, ta rubuta ɗan gajeren saƙo, ta jefa shi cikin layin wannan tagar. Manhajar kuma tana zaune tana ɗaukar saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, tana aiki da su. Kamar dai gidan haya ne mai zaure ɗaya: duk abin da ya zo daga waje mai gida ke karɓa, ya ba ɗan aike ya kai ɗakin da ya dace.

A Windows kowane irin saƙo da sunansa. WM_KEYDOWN na nufin an danna maɓalli. WM_CHAR na faɗin harafi ko lambar da ta fito. WM_KEYUP na nufin an ɗaga yatsa. WM_MOUSEMOVE na nufin linzami ya motsa, WM_CLOSE kuma an ce a rufe tagar. Ke nan in ka buga lambar sirri mai alƙaluma 4, aƙalla saƙo 12 ne suka bi hanya kafin su isa ga manhajar. Duk wanda ya samu wurin zama a bakin wannan hanya, ya ji lambar.

Kuma kar taurarin da ke fitowa a madadin lambar su ruɗe ku. Taurarin nan idon wanda ke tsaye bayanka suke tsarewa. Saƙon da ya bi ta ciki, lambar ce tsirara.

Ba duk mai saurare ne ɓarawo ba

Wani zai ce, to mi ya sa ba a toshe hanyar gaba ɗaya ba? Saboda akwai ayyukan alheri da ba su yiwuwa sai da ita.

Masu ƙera manhaja suna buƙatar ganin saƙonnin in abu ya ƙi aiki, kamar yadda makanike ke kasa kunne ga inji. Kamfanin Microsoft da kansa yana ba su wani kayan aiki mai suna Spy++, wanda ke zuwa tare da Visual Studio. Sai mutum ya nuna masa wata taga, ya zauna yana kallon saƙonninta suna zubowa a jere.

Makafi ma da ita suke amfani da na'ura. Akwai manhajojin da ke karanta abin da ke bisa gilashi su faɗa da murya: NVDA a Windows, wadda wani makaho ɗan Ostareliya mai suna Michael Curran ya fara a 2006 kuma kyauta ce, da TalkBack a Android, da VoiceOver a na'urorin Apple. Ba yadda za su karanta wa makaho saƙonsa in ba su leƙa tagar wata manhaja ba.

Har mu masu rubuta Hausa muna cin moriyarta. Allon kwamfuta bai zo da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. Manhaja irin Keyman tare saƙon maɓalli take a hanya, ta canza shi zuwa harafi mai lanƙwasa, sannan ya wuce.

Kun ga ke nan hanya ɗaya ce, mai taimako ya bi, ɓarawo ya bi. Bambancin da ke tsakanin na'urori shi ne wa ke tsaron bakin hanyar, kuma wa ake tambaya kafin a wuce.

Windows: tsakar gida ɗaya

Windows ta fito a 1985, lokacin da kwamfuta ta mutum ɗaya ce a ɗakinsa, babu intanet a gidaje. An gina ta bisa yarda: duk manhajar da mai na'ura ya saka, ana ɗaukarta ƴar gida ce. Don haka aka tanadi abin da masana ke kira ƙugiya. Manhaja na iya rataya ƙugiyarta a bakin hanya, ta ce wa Windows duk maɓallin da aka danna a fara nuna mata. Kuma tana iya aika wa tagar wata manhaja saƙo, kamar daga mai na'urar ya fito.

A 2002 wani bincike ya nuna cewa ƙaramar manhaja marar iko na iya tura wa babba mai iko saƙon da zai sa ta yi mata aiki, har ta kama ragamar na'urar. Da Windows Vista ta fito a 2007, sai aka sa matakai: manhajar da ke ƙasa ba ta iya tura irin waɗannan saƙonni ko rataya ƙugiya ga wadda ke sama da ita. Haka nan tagar da ke fitowa tana tambayar izini, wadda in ta fito sauran gilashin ke dushewa, an ware ta a wani fili daban inda manhajoji na yau da kullum ba su kaiwa.

Amma gyaran nan tsakanin babba da ƙarami ne. Tsakanin tsara da tsara, har a Windows 10 da 11, manhajar da ka buɗe da sunanka na iya sauraren maɓallan da kake dannawa cikin wata, ba tare da an tambaye ka komai ba. Abin da ke tsaron wurin shi ne manhajar kashe ƙwayar cuta, ita ma ba kullum take ganewa ba.

Mi wannan ke nufi gare mu? Kwamfutar siber, ta wurin buga takardu, ta biro da mutum goma ke taɓawa, ba ka san mi aka saka mata ba. Mai wurin ma sau da yawa bai sani ba, domin ƴar kile da ake cusa mata daga safe zuwa dare ita ke kawo cutar, haka ma manhajojin sata da ake kwafowa kyauta. Irin wannan kwamfuta a buga takarda da ita, a cika fom, amma ba wurin buɗe asusun banki ba ce. In dole ta sa ka buɗe imel ko Facebook a can, ka canza kalmar sirri daga wayarka da zarar ka fito.

Linux da Apple: hanya biyu daban

Ɗalibanmu da ke karatun kwamfuta a Yamai, Maraɗi ko waje sun san Linux. Tsohon tsarin tagoginta, mai suna X, an fara shi a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, kuma nau'insa na 11 da ake kira X11 ya fito a 1987. Shi ma bisa yarda aka gina shi, har ya fi Windows sakin jiki. Kamar mai shela ne a tsakar gida: duk manhajar da ta shigo tana iya neman a riƙa sanar da ita maɓallan da ake dannawa, ko ta ɗauki hoton tagar wata. Akwai ɗan kayan aiki mai suna xev da ake nuna wa taga don kallon saƙonninta.

Saboda wannan da wasu dalilai, a 2008 aka fara sabon tsari mai suna Wayland, inda saƙo ke zuwa ga tagar da ke gaba ita kaɗai. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux da aka fi sani, ta mayar da shi tsarinta na farko a 2021. Sai dai da aka rufe ƙofar, wasu kayan ɗaukar hoton gilashi da na taimakon nakasassu sun tsaya, sai da aka sake buɗe musu ƴan ƙofofi masu neman izini.

A kwamfutar Mac ta kamfanin Apple, manhajar da ke son sarrafa wata sai mai na'ura ya shiga saituna da kansa ya ɗaga mata hannu. Daga 2019 aka ƙara ware izini na musamman don sauraren allon rubutu, da wani don ɗaukar abin da ke bisa gilashi.

In kun lura, duk inda aka dosa wuri ɗaya ne: daga "kowa ya ji" zuwa "sai an tambayi mai na'ura". Wayoyin zamani a wannan sabon tunani aka haife su.

Android: kowa da ɗakinsa da makullinsa

Wayar Android ta farko ta fito a 2008. Bisa tushen Linux aka gina ta, amma ba ta ɗauko tsarin mai shela ba. Kowace manhaja an ba ta ɗakinta da makullinta. Wasan da yaro ya saka ba ya iya leƙa tagar manhajar kuɗi, ba ya iya jin abin da ake bugawa cikin WhatsApp. Daga Android 6, a 2015, manhaja sai ta tambaya a fili kafin ta taɓa kamara, makirfo, lambobin mutane ko saƙonnin SMS.

To ta ina ɓarawo ke shiga? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai ƙofa huɗu da ya kamata kowa ya sani.

Ta farko, wadda ta fi kowace girma, mun raɗa mata suna izinin ɗan jagora. A wayar da ke Faransanci an rubuta Accessibilité, a ta Ingilishi ma rubutun kusan haka yake. Don makafi da masu rauni a hannu aka yi ta. Ku tuna ɗan jagora: shi ke gani a madadin makaho, shi ke riƙe da sanda, inda ya ja nan ake bi. Manhajar da ta samu wannan izini tana ganin rubutun da ke bisa gilashi a kowace taga, tana sanin abin da aka taɓa, kuma tana iya dannawa da kanta a madadinka. In ta alheri ce, ta zama ido ga marar ido. In ta mugunta ce, tana iya ba kanta sauran izini, ta hana ka goge ta, ta tura kuɗi kana barci. Har ɗan akwatin da ke fitowa in ka buga lambar da ke farawa da tauraro don tura kuɗi, shi ma taga ne, kuma ɗan jagora na iya karanta shi.

Ta biyu, taga bisa taga. Kun san ɗan da'irar Messenger da ke yawo bisa gilashi ko kana cikin wata manhaja? Wannan izini ne na zana abu a saman tagar wasu. Mugu na iya jira ka buɗe manhajar kuɗi, ya shimfiɗa tasa tagar mai kama da ita a sama. Kai kana ganin cikin ta gaskiya kake buga lamba, alhali cikin ta jabu ce. A 2017 masu bincike na jami'ar fasaha ta Jojiya a Amurka sun nuna cewa haɗa wannan ƙofa da ta ɗan jagora ya isa a kama waya gaba ɗaya ba tare da mai ita ya lura ba.

Ta uku, karanta sanarwa da SMS. Lambar tabbatarwa da WhatsApp ko banki ke turowa ta nan take shigowa. Manhajar da ke da izinin ganin sanarwa tana iya karanta saƙon da ya faɗo a saman gilashi tun kafin ka buɗe shi.

Ta huɗu, allon rubutu. Duk abin da ka rubuta ta cikinsa yake bi. Shi ya sa in za ka kunna sabon allo, Android da kanta take gargaɗi cewa yana iya tattara duk abin da ka buga, har da kalmar sirri. Allo mai furanni da ƙyalƙyali da ba a san mai shi ba, ba abin wasa ba ne.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A Turai an yi fama da wata muguwar manhaja mai suna FluBot, wadda ta fara ɓulla a ƙarshen 2020. SMS ake turo wa mutum, wai yana da kaya a hanya, ya danna nan ya bi sawunsu. In ya danna ya saka manhajar, sai ta nemi izinin ɗan jagora, ta kwashe bayanan banki, sannan ta tura kanta ga duk lambobin da ke wayar. Sai a watan Yunin 2022 hukumar ƴan sandan Turai ta Europol ta ba da sanarwar an karya ta, bayan aikin haɗin gwiwa na ƙasashe 11. Ku lura da abu guda: FluBot ba ta fasa ƙofa ba. Sallama ta yi, aka ce ta shigo.

Kamfanin Google yana ta ƙara sakata. A 2019 ya taƙaita manhajojin Play Store da ke iya neman karanta SMS. Android 12, a 2021, ta kawo ɗan koren ɗigo da ke fitowa a saman gilashi in ana amfani da kamara ko makirfo. Android 13, a 2022, ta sa manhajar da aka sako daga wajen kantin manhaja ba ta samun izinin ɗan jagora kai tsaye, sai an bi wani ƙarin mataki. Amma wayar da ke ɗauke da tsohuwar Android ba ta da waɗannan sabbin sakatu, kuma wayoyin hannu da ake aikowa gida da yawansu tsofaffi ne.

Ƙaramar waya mai maɓallai, wadda ba ta ɗaukar manhajojin Android, ba ta cikin wannan haɗari. Nata haɗarin shi ne idon na kusa, da kiran ƴan damfara masu cewa an turo maka kuɗi bisa kuskure.

iPhone fa?

Ita ta fi matsewa. Ba a ba manhajojin waje ƙofar ɗan jagora irin ta Android ba, VoiceOver na kamfanin ne da kansa. In aka zo wurin buga kalmar sirri, wayar tana komawa ga allon rubutunta na asali. Duk da haka, a 2020 da iOS 14 ta fara nuna sanarwa duk lokacin da manhaja ta karanta abin da mutum ya kwafa, sai aka ga manhajoji da dama, ciki har da TikTok, suna leƙawa. Akwai kuma manyan kayan leƙen asiri irin Pegasus, wanda labarinsa ya cika duniya a 2021, mai shiga waya ba tare da an danna komai ba. Wannan gwamnatoci ake sayar wa da tsada, ƴan jarida da ƴan siyasa aka fi bi da shi. Ba shi ke bin jika ashirin ɗin da aka turo wa tsohuwa ba.

"Ai an ce WhatsApp a kulle yake"

Gaskiya ne. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a rufe suke daga waya zuwa waya, ko kamfanin layi ba ya iya karantawa. Amma wannan kamar wasiƙa ce cikin ambulan mai hatimi: a hanya ba mai buɗewa. In kuwa wani na tsaye a kafaɗarka lokacin da kake rubutawa, ko lokacin da ka buɗe kana karantawa, hatimin bai tsare komai ba. Manhajar da ke leƙen taga a kafaɗa take tsaye.

Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar wata manhaja. WhatsApp na ba da dama a haɗa asusu ɗaya da wasu na'urori har 4. Wanda ya riƙe wayarka a buɗe na minti ɗaya yana iya haɗa asusunka da kwamfutarsa ko wayarsa, ya ci gaba da karanta hirarka daga nesa.

Yadda ƙofar ke buɗewa a wajenmu

Da ɗan gari akan ci gari. Saboda tsadar mega da raunin rezo, da yawanmu ba daga Play Store muke ɗauko manhaja ba. Ta Xender ko Bulutut ake turo mana daga wayar aboki, shi ma daga wani ya samu, ba wanda ya san asalinta. Akwai WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima, irin GBWhatsApp, wanda ba na kamfanin ba ne, kuma kamfanin ya ce yana iya rufe asusun mai amfani da shi. Akwai masu alƙawarin mega kyauta, ko bashi nan take, ko ganin wanda ya leƙa hotonka. Duk mai ba ka kyauta yana neman izinin ɗan jagora, ka tambayi kanka mi ya haɗa shi da aikin makafi.

Sannan waya tana yawo hannu da hannu: wurin caji, wurin gyara, wurin zuba waƙoƙi da wa'azi, hannun yaron da ake ce wa "zo ka saita mini". Mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, ba mu ce a zarge su ba. Amma tsoho ko tsohuwar da ba ta karanta Faransanci, in taga ta fito tana tambaya, abin da aka saba shi ne a danna "to" don abin ya wuce. A wannan dannawa ɗaya ake ba da gida.

Akwai kuma wanda ba a son faɗi: miji ya saka wa matarsa, mata ta saka wa mijinta, saurayi ya ba budurwa waya da abin leƙe a ciki. Jama'a, wannan cin amana ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne a gaban shari'a. Dokar Nijar mai lamba 2019-33, ta ranar 3 ga Yulin 2019, kan laifukan intanet, ta haramta kutsawa cikin na'urar wani ko tare bayanansa ba da izini ba. Akwai kuma hukumar HAPDP da aka kafa don kare bayanan mutane.

Abin da za ku duba yau, ba gobe ba

Ku ɗauki wayar, ko ku zauna da wanda kuka amince da shi mai karatu. Sunayen wuraren suna ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma akwai wurin bincike a saman saituna, wato Paramètres.

Na ɗaya, ku shiga Accessibilité, ku duba jerin manhajojin da aka kunna. In ba makaho ko mai rauni ke amfani da wayar ba, bai kamata a ga baƙon suna a kunne ba. Muguwar manhaja takan ɗauki suna mai kama da na hukuma, kamar na sabunta waya ko na tsaro. Ku kashe, sannan ku goge ta.

Na biyu, ku nemi Accès aux notifications, da wurin da ake ba da izinin fitowa bisa sauran manhajoji. Duk wadda ba ku san dalilinta ba, ku cire mata.

Na uku, ku duba allon rubutun da ke aiki. Ku tsaya ga wanda ya zo da wayar ko sanannen da aka ɗauko daga Play Store. Gboard ta Google tana da Hausa da haruffanta masu lanƙwasa.

Na huɗu, cikin WhatsApp ku buɗe Appareils connectés. In kun ga na'urar da ba taku ba, ku fitar da ita. Sannan ku kunna Vérification en deux étapes, ku sa lamba 6 da ku kaɗai kuka sani.

Na biyar, ku buɗe Play Store ku tabbata Play Protect a kunne yake. In wayar ta ce akwai sabuntawa, ku yi in kun samu rezo.

Na shida, ku sa wa wayar makulli, kuma lambar makullin kar ta zama ita ce lambar asusun kuɗi. In za a kai gyara, a cire pus da katin ajiya in zai yiwu.

Lambar sirri da lambar da ke zuwa ta SMS ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga Airtel Money, Moov Money, Zamani Cash, Nita ko Amana yake kira. Aikinsu ba ya buƙatar jin lambarka.

In manhaja ta ƙi goguwa, ko saituna na rufe kansu da zarar kun kusanci wurin, ko waya na danna kanta, to alama ce babba. Ku kashe intanet, ku yi amfani da wata wayar ku kira kamfanin kuɗin ko ku je ofishinsu a canza lamba. Kar ku canza ta cikin wayar da ake zargi, domin sabuwar ma za a gani. Bayan haka a kwashe hotuna da lambobi, a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. In kuɗi sun fita, ku adana saƙonnin, ku kai ƙara kwamisariya ko jandarmari. Wadda kuma ta gano na gida ne ya saka mata, kuma tana tsoron abin da zai biyo baya, ta sani cewa in ta goge yana iya lura. Ta fara sanar da wani babba da ta amince da shi.

Ƴan uwa na waje, ku ma da naku aikin. In za ku aiko waya gida, ku wanke ta tukuna, ku saka manhajojin da ake buƙata daga Play Store da hannunku, ku sa makulli. Ku gaya wa iyaye magana ɗaya mai sauƙin riƙewa: in waya ta yi tambayar da ba a gane ba, kar a ce mata to, a jira a tambaya. Jinkirin yini ɗaya bai kai asarar kuɗin damina ba.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa, a fada, a wurin caji. Masu gyaran waya da masu siber, ku ne kuka fi kowa taɓa na'urorin jama'a, amanar a hannunku take. In akwai abin da bai fito sarai ba, ku aiko da tambaya ta layin gidan rediyo, za mu duba ta a shiri na gaba. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci.